Filin Shawara: Kiyub ya ƙi zama a gajimare

Wasiƙun da na zaɓo wannan makon na masu aikin bayanai ne, masu fama da kiyub, wato kundin nazarin nan da ke tara alƙaluman ma'aikata ya jera su yadda za a duba su ta fuskar wata, ko reshe, ko kaya, amma da aka zo ɗora shi a gajimare, wato sabobin haya da ke intanet, sai haɗi ya ƙi. Kamar kullum, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane wurin aikin mai wasiƙa.

Assalamu alaikum Anti,

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ban daɗe ba, bayan bautar ƙasa aka riƙe ni. Oga ya ɗora min aikin haɗa kiyub na cinikin rassanmu, domin manajoji su riƙa buɗe Excel suna ganin abin da aka sayar a kowane reshe. Na gina shi da Visual Studio, samfurin Tabular, kuma a kan kwamfutata yana aiki lafiya lau. Kamfani ya kama hayar Azure Analysis Services. Da na danna a ɗora, layin farko ya nuna an yi nasara, daga nan sai teburan suka bi layi suna yin ja, wai an kasa isa ga tushen bayanai. Na canza kalmar sirri, na kashe kwamfuta na kunna, na bar wayafai ɗin ofis na koma datar wayata, duk jiya-i-yau. Rumbun bayananmu SQL Server ne, yana kan wata kwamfuta a nan ofis. Ranar Litinin za a nuna wa shugabanni aikin. Anti, wallahi barci ya gagare ni, har ina tunanin in je in ce wa oga ban iya ba.

*Ɗanki mai neman mafita, Kano*

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, ka kuma cire maganar "ban iya ba" daga bakinka. Wanda bai iya ba, ba zai gina kiyub har ya yi aiki a kan kwamfutarsa ba. Amsar ma tana cikin wasiƙarka, tashin hankali ne ya hana ka ganin ta: ka ce layin farko ya yi nasara, sannan teburan suka yi ja.

Idan ka danna a ɗora, tafiya biyu ake yi. Ta farko daga kwamfutarka ce zuwa sabar da ke gajimare. A wannan tafiyar Visual Studio tsarin kiyub ɗin kawai yake kai mata: sunayen tebura, dangantakar da ke tsakaninsu, lissafin da ka rubuta, da kwatancen inda za a ɗebo bayanai. Babu cinikin ko buhun shinkafa ɗaya a ciki. Wannan tafiyar ce ta yi nasara, kuma nasararta ta tabbatar maka da cewa sunan sabar daidai ne, asusunka yana da izini, intanet ɗinka kuma ya kai. Tafiya ta biyu ba kai ke yin ta ba. Sabar ce da kanta, daga inda take zaune, a Holan ko a Ayalan idan yankin Turai kuka zaɓa, take juyowa tana neman rumbun bayananku domin ta cika teburan. A nan aka tsaya. Shi ya sa sauya wayafai da datar waya bai amfana maka komai ba, don ba ta kwamfutarka ake bi ba.

Kada ka karɓi maganata haka nan, gwada ta. A cikin saitunan aikin a Visual Studio akwai inda ake zaɓar ko a loda bayanai bayan ɗorawa. Mayar da shi kan Do Not Process ka sake ɗorawa. Idan ya wuce sumul, ka wanke tafiya ta farko ke nan, kada ka sake ɓata mata lokaci.

Yanzu buɗe tushen bayanan ka duba sunan da ka rubuta a wurin saba. Ina kyautata zaton za ka tarar da sunan kwamfutar ofis ɗinku, ko adireshi mai farawa da 192.168, ko ma localhost. Waɗannan duka sunaye ne na cikin gida. Kamar ka yi wa baƙon da bai taɓa zuwa Kano ba kwatance ka ce masa "bayan gidan mai unguwa" ne: 'yan unguwa kaɗai za su gane inda kake nufi. Adireshin da ya fara da 192.168 ana amfani da irinsa a gidaje da ofisoshi ko'ina a duniya, kuma ba ya tafiya a kan intanet. Localhost kuwa nufinsa "wannan na'urar da nake kai", don haka idan sabar gajimare ta karanta shi, a cikin kanta za ta nemi rumbunku.

A daidai nan wani zai ba ka shawarar ka buɗe ƙofa mai lamba 1433 a rautar ofis, ka miƙa ta ga kwamfutar SQL Server, komai ya wuce. Ina roƙonka kada ka yi. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai lalube intanet suna neman wannan ƙofar a buɗe, suna gwada kalmomin sirri a kan babban asusun SQL Server mai suna "sa". Cinikin kamfaninku da sunayen masu bashi duk suna bayan wannan ƙofar.

Abin da Microsoft ya tanada domin irin halin da kake ciki shi ne On-premises data gateway, wanda 'yan sana'a ke kira getwe. Manhaja ce da ake sawa a kan wata kwamfuta a cikin ofis. Hikimarta ita ce ba ta jiran a shigo mata daga waje. Ita ce take kiran Azure daga ciki, ta riƙe layin a buɗe, duk tambayar da sabar ke da ita sai ta biyo ta wannan layin, getwe ya kai wa SQL Server, ya mayar da amsa. Saboda haka ba ka buƙatar buɗe ko ƙofa ɗaya ta shigowa.

Aikin hawa uku ne, kuma mutane da yawa a hawa na farko suke tsayawa su zaci sun gama. Da farko ka sa manhajar ka yi mata rajista da asusun aiki na kamfani, wanda ke cikin Microsoft Entra ID ɗin da sabar take ƙarƙashinsa. Entra ID ɗin nan shi ne abin da ake kira Azure AD kafin a sauya masa suna a 2023, in ka ga tsohon sunan a wasu bayanai kada ya rikita ka. Lokacin rajistar ka lura da yankin da ta zaɓa maka, ka daidaita shi da yankin sabar. Za ta kuma nemi ka ƙirƙiri mabuɗin farfaɗowa. Rubuta shi ka ba oga ya adana, zan dawo kan wannan a wasiƙa ta ƙarshe. Hawa na biyu, ka shiga shafin Azure ka ƙirƙiri madogarar getwe, wato abin da zai wakilci getwe ɗin a Azure, ka zaɓi yankin da ka yi rajista a ciki, in ba haka ba sunan getwe ɗinka ba zai fito a jeri ba. Hawa na uku, ka buɗe shafin sabar Analysis Services ɗin ka haɗa ta da wannan madogarar. Sai an yi na ukun sabar take sanin akwai hanya.

Zaɓen kwamfutar da za ta ɗauki getwe ya fi duk sauran muhimmanci a wurinmu, saboda halin wutar lantarki. Kada ka sa shi a laftof ɗinka. Ranar da ka rufe ta ka tafi gida, kiyub ya daina samun sabbin bayanai. A samu kwamfutar da ba a kashewa, wadda ba ta barci, mai waya zuwa rauta ba wayafai ba, kusa da rumbun bayanan, kuma ita da rautar su kasance kan inbata ko sola ɗaya. Babu amfanin kwamfuta tana kunne rauta tana kashe. Ba a sa getwe a kan sabar da ke riƙe da asusun Windows na kamfani, manhajar ma ba ta yarda. Bayan ka sa, zauna a gaban wannan kwamfutar ka buɗe SQL Server Management Studio ka haɗu da rumbun da ainihin sunan da ke cikin kiyub ɗinka. Abin da wannan kwamfutar ta kasa gani, sabar gajimare ba za ta gan shi ba. A kanta kuma ake buƙatar direban haɗin. Idan kiyub ɗinka yana kan tsohon direban SQL Server Native Client, koma MSOLEDBSQL ka sa shi a can.

Idan ofis ɗinku yana da katangar tsaro mai tsauri, getwe yana buƙatar fita ta ƙofa 443, da 5671 da 5672, da kuma 9350 zuwa 9354. A cikin manhajar akwai gwajin ƙofofi da zai nuna maka wadda aka toshe, akwai kuma zaɓin tilasta masa bin HTTPS kaɗai idan mai kula da netwok ya ƙi buɗe sauran. Saura shaidar shiga: idan da asusun SQL kuke shiga rumbun, a wurin da ake tambayar da sunan wa sabar za ta yi aiki ka zaɓi Service Account, idan da asusun Windows ne, ka rubuta sunan asusun da kalmar sirrinsa. Sannan ka loda ƙaramin tebur guda tukuna, irin teburin sunayen rassa, kafin ka taɓa babban teburin ciniki.

Maganar oga kuwa, yau za ka same shi, ba safiyar Litinin ba. Ka ce masa: "Yallaɓai, kiyub ya hau. Abin da ya rage sabar ba ta ganin rumbunmu na ofis, kuma ina buƙatar kwamfuta ɗaya da ba a kashewa da izini a Azure domin in haɗa su." Wannan maganar wanda ya san aikinsa ce, kuma abubuwa biyun da ka nema ba a hannunka suke ba, a hannunsa suke. Idan lokaci ya ƙure, ka nuna wa shugabanni aikin daga kwamfutarka, ka faɗa musu gaskiyar inda aka tsaya. Allah ya yi maka jagora.

Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya.

Ni ce mai haɗa rahotanni a wani ƙaramin banki a Kaduna. Muna da tsohon kiyub tun zamanin SQL Server 2008 R2, da shi muke bin basussuka. Na yi iya ƙoƙarina in ɗora shi a Azure Analysis Services ya ƙi karɓa. Wani ɗan kwangila ya ce mu kama hayar kwamfuta a Azure mu sa SQL Server a kanta, aka yi haka, kiyub ya zauna a can. Ina iya shiga kwamfutar daga nesa da Remote Desktop in ga komai, amma daga Excel ɗin ofis ba ya haɗuwa. Ɗan kwangila ya ce laifin netwok ɗinmu ne, mai kula da netwok ya ce laifin ɗan kwangila ne. Ni kuma manaja ni yake kira kullum.

*'Yarki da aka sa a tsakiya, Kaduna*

Wa alaikumus salam 'yata. Ƙin da aka yi miki na farko ba matsalar haɗi ba ce ko kaɗan, kuma ba abin da za ki gyara ya karɓa. Analysis Services iri biyu ne. Akwai tsohon salo, Multidimensional, wanda asalinsa ya faro daga OLAP Services da ya zo tare da SQL Server 7.0 a 1998, ana tambayarsa da harshen MDX. Akwai kuma Tabular da ya zo a SQL Server 2012, mai amfani da DAX. Kiyub na zamanin 2008 R2 dole tsohon salo ne. Azure Analysis Services kuwa, tun da aka buɗe shi ga kowa a 2017, Tabular kaɗai yake karɓa, shi ma daga mataki na 1200 zuwa sama. Don haka a wannan ɗan kwangilar ya yi daidai.

Yanzu ga gardamar mutanenki biyu. Ba sai kin san wanda ya fi gaskiya ba, umarni ɗaya zai raba su. Shigarki da Remote Desktop ta nuna cewa ƙofa 3389 a buɗe take, iyakar abin da ta nuna ke nan. Analysis Services ta ƙofa 2383 yake sauraro. Daga kwamfutar ofis ki buɗe PowerShell ki rubuta Test-NetConnection, sai adireshin kwamfutar ta Azure, sai -Port 2383. Ki dubi layin da ya ce TcpTestSucceeded. Kada ki yarda wani ya kafa miki hujja da ping, domin ana yawan toshe shi, sai ya ce babu hanya alhali akwai.

Idan ya ce False, hanya ce a rufe, kuma katanga biyu ke gabanki. Ɗaya ta Azure ce, ƙa'idojin tsaron da ke jikin netwok ɗin kwamfutar, ɗaya kuma katangar Windows ce a cikin kwamfutar kanta. Sau da yawa a kan buɗe ɗaya a manta da ɗaya. Ki kuma tambayi ɗan kwangilar ko da suna na musamman ya sa Analysis Services ɗin, irin wanda ake rubutawa bayan sunan kwamfuta da karkataccen layi. Idan haka ne ba 2383 yake amfani da ita ba. Yana iya sauya ƙofa duk lokacin da aka tayar da shi, kuma SQL Server Browser ne ke faɗa wa masu zuwa inda yake, ta ƙofa 2382. Mafi sauƙi a kafa masa tsayayyiyar ƙofa a saitunansa. A duba kuma ko adireshin kwamfutar tsayayye ne, don idan ba haka ba yana iya sauyawa bayan an kashe ta an kunna.

Idan ya ce True amma Excel yana ƙin shiga, ko yana cewa an datse haɗin da ƙarfi, to ku bar mai netwok ya huta. Maganar ta koma kan waye ke ƙwanƙwasawa. Analysis Services da ke kan kwamfuta asusun Windows kawai ya sani. Asusun SQL, har da sa, ba ya aiki a wurinsa. Excel ɗinki yana gabatar da ke da asusun Windows na bankinku, ita kuma kwamfutar Azure, idan ba a shigar da ita cikin rukunin kwamfutocin bankin ba, ba ta taɓa jin wannan sunan ba. Domin gwaji kawai, ana iya buɗe Excel da umarnin runas tare da /netonly, a ba shi asusun da ke kan waccan kwamfutar. Idan ya haɗu ta haka, kin kama ciwon da hannu. Kada ki manta, ko an gane mutum, sai an sa shi cikin rukunin masu izinin karanta kiyub ɗin kafin ya ga komai.

Maganin dindindin da zan zaɓa wa banki shi ne VPN tsakanin ofis da Azure, a shigar da kwamfutar cikin rukunin bankin, a bar 2383 a buɗe ga adiresoshin ofis kaɗai. Akwai wata hanya ta sa msmdpump.dll a kan IIS domin a riƙa shiga ta HTTPS, tana aiki, amma ƙarin abu ne da sai an samu mai kula da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a buɗe ƙofar ga duk duniya saboda gaggawa, har da 3389 ɗin da kike shiga da ita yanzu; ki tambaya ko an taƙaita ta.

Ki sa mutanen biyu su zauna tare a gaban allo ɗaya a yi gwajin, ke kuma ki rubuta wa manaja sakamakon da sunan wanda aikin ya koma hannunsa. Idan ƙura ta lafa, ki fara tunanin sake gina kiyub ɗin a Tabular. Aiki ne, domin lissafin MDX sai an sake rubuta shi da DAX, amma can Microsoft ya karkata, da Power BI da Fabric, kuma masu buɗe Excel ba za su ga wani babban bambanci ba.

Anti barka da aiki.

Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Sabarmu ta Azure Analysis Services tana haɗuwa idan ina ofis, amma a gida da datar waya wata rana ta karɓa wata rana ta ƙi. Abokin aikina ya ce in sa 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255 a katangar tsaron sabar in huta. In yi?

*Ƙaninki, Maiduguri*

A'a ƙanena. Waɗannan lambobin biyu sun haɗa duk adiresoshin da ke akwai, sa su daidai yake da rushe katangar. Gaskiya ne ko da hakan sai mutum ya shiga da asusu, amma wanda ya kunna katangar da dalili ya kunna, kuma bayanan da ke hannun ƙungiyar agaji na mutanen da suka riga suka sha wahala ne. Amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanai da ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare su.

Dalilin abin da kake gani shi ne adireshin da layin waya ke ba ka ba tsayayye ba ne, kuma yawanci kai da wasu masu layi da yawa kuke tarayya a kansa. Ranar da ya dace da wanda aka taɓa sawa a jeri sai ka shiga, ranar da ya sauya sai a hana ka. Ka nemi a ba ka VPN na ofis, ta yadda ko daga gida da adireshin ofis za ka fito. Idan ka shiga ta VPN ɗin ya ci gaba da ƙi, duba ko an dakatar da sabar, domin wasu ma'aikatu suna tsayar da ita da dare don rage kuɗin haya, kuma sabar da aka dakatar ba ta amsa kowa. Duba kuma ko da asusunka na kanka Excel ya shiga maimakon na aiki, da ko direbobin MSOLAP na laftof ɗin sun tsufa. Ranar da kowa ya kasa shiga lokaci guda kuwa, ka fara leƙa shafin lafiyar Azure kafin ka taɓa saiti. A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane a Najeriya da Gana da Kwaddebuwa sun sha wahalar isa ga ayyukan gajimare, kuma babu saitin da ya jawo hakan.

Assalamu alaikum Anti,

Wanda ya gina mana kiyub ya samu wani aiki ya tafi, aka rufe asusunsa. Tun daga ranar, sabunta bayanan da ake yi kowane dare ya tsaya, alƙaluman da manajoji ke gani tsofaffi ne, kuma ban faɗa wa kowa ba tukuna. Wata abokiyar aikina ta san kalmar sirrinsa, ta ce mu roƙi a sake buɗe asusun mu ci gaba da amfani da shi. Ni zuciyata tana raya min da gangan ya ɗaure mu.

*'Yarki, Jos*

Wa alaikumus salam 'yata. Abu na farko, kuma kafin kowane gyara: ki sanar da manajoji yau cewa alƙaluman sun tsaya tun ranar kaza. Wannan ya fi damuna fiye da batun haɗin. Kiyub ɗin da ya ƙi buɗewa kowa ya san ya lalace, amma wanda ke buɗewa yana nuna tsohon lissafi, mutane suna yanke hukunci a kansa suna sayen kaya suna biyan kuɗi. Kowace rana da kika ƙara a shiru, nauyin yana ƙara komawa kanki, alhali ba ke kika jawo ba.

Game da bawan Allahn da ya tafi, ki kyautata masa zato. Kusan duk mai gina irin wannan abu da asusunsa yake fara gwaji, aiki ya tafi daidai, wani aikin ya taso, a manta. Amma kada a sake buɗe asusunsa. Duk abin da aka yi da shi za a rubuta da sunansa ne alhali ba ya nan, wannan zalunci ne a gare shi, ku kuma kun rasa sanin wanda ya yi me.

Wuri uku za ki nemi sunansa. Na farko a tushen bayanan kiyub ɗin, inda sabar ke shiga rumbu. A buɗe asusu na musamman domin wannan aiki, mai izinin karatu kawai, a sa shi a wurin. Ana iya yin haka daga SQL Server Management Studio ba tare da an sake ɗora komai ba. Na biyu a wurin abin da ke ba da umarnin sabuntawa da dare, ko Azure Automation ne, ko Logic Apps, ko Data Factory. Shi ma a ba shi shaidar manhaja ta kansa a Microsoft Entra ID, a sa ta cikin masu iko da sabar. Ana rubuta ta da app: sai lambar manhajar, sai alamar @, sai lambar ma'aikatarku. Sirrin irin wannan shaida yana da wa'adi, wanda aka ƙirƙira a shafin Azure ba ya wuce wata 24, don haka ki sa ranar ƙarewarsa a kalandar sashenku, ba a taki kaɗai ba.

Na uku shi ne getwe, idan kuna da shi. A tabbatar akwai aƙalla mutum biyu cikin masu kula da shi. A nan ne ya dace ki kira tsohon abokin aikin naku, cikin mutunci, ki gaishe shi, ki tambaye shi kwamfutar da getwe yake kai da inda ya ajiye mabuɗin farfaɗowa. Wannan mabuɗin mallakar ma'aikata ne, neman sa ba laifi ba ne, kuma Microsoft ba ya riƙe da shi balle ya ba ku. Idan ya ce ya manta, ba a rasa komai ba: a sa sabon getwe da sabon suna, a ƙirƙiri madogararsa a Azure, a cire tsohon daga sabar a haɗa sabon. A Analysis Services shaidar shiga rumbu tana cikin kiyub ɗin ne, don haka aikin gajere ne. Idan kuma akwai rahotannin Power BI da ke bi ta tsohon getwe ɗin, su sai an sake shigar da kalmomin sirrin tushensu ɗaya bayan ɗaya, don haka ki fara rubuta jerinsu kafin a cire shi.